Kurakuran da iyalai ke yi yayin jinyar mai ciwon daji

Jinyar ciwon daji rabinta jira ne: a jira sakamakon naman da aka ɗiba aka kai gwaji, a jira ranar allura, a jira jini ya farfaɗo kafin a sake yin wata. Na gaji da ganin iyalai suna tafka kuskure iri ɗaya a cikin wannan jiran, alhali mafi yawan haɗarin a nan yake ɓuya.

Babbansu shi ne raina zazzaɓi. Allurar kimo, wato maganin da ake yi wa mai ciwon daji don kashe ƙwayoyin dajin, tana kai hari kan duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, don haka tana taɓa ɓargo, inda ake ƙera fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cututtuka. Yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura ne adadinsu ke yin ƙasa sosai. A daidai lokacin kuwa majinyaci yana gida, amai ya lafa, ya fara cin abinci, kowa ya saki jiki.

Haka ta faru da mu a jinyar mahaifiyarmu. Wani dare jikinta ya yi zafi, babban yayanmu ya ce, "A ba Mama farasitamol, da safe sai mu gani." Ba wanda ya musa, har da ni. Zafin ya sauka, muka kwanta muna hamdala, ashe ƙwayar cuta ta riga ta shiga jini. Da muka isa asibiti ko zama ba ta iya yi. Ta daɗe a gado, aka ɗage allurarta ta gaba, jiran da muke ƙorafi a kai ya ninka. Farasitamol zafi kawai yake saukewa, ba ya kashe cutar, ga shi ya ɓoye alamar da ta rage mana.

Tun daga nan ban yarda da tafin hannu a goshi ba. Ku sayi ma'aunin zafin jiki, ku auna safe da yamma, ku rubuta a littafi, ku kuma auna kafin a ba da kowane maganin ciwo. In ya kai digiri 38, ko aka ga rawar ɗari, a tafi asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne. Kuna shiga ku ce, "Tana kan kimo." Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya, amma sai sun san irin majinyacin da ke gabansu.

Na biyu, 'yan dubiya da magungunansu. Don Allah, kai mai mura da tari, me ya kawo ka ɗakin wanda garkuwar jikinsa ta faɗi? Ka buga waya mana, gaisuwarka za ta isa. Ku kuma masu jinya, kunya ce ke hana ku tsayar da mutane a bakin ƙofa, to wannan kunyar majinyaci ne zai biya ta. Mu dai sabulu da ruwa muka ajiye, duk mai shiga sai ya wanke hannu, mutum biyu-biyu, ba dogon zama. Sannan kowa ya zo da nasa jiƙon da "ya warkar da wane". Hanta da ƙoda su ke tace maganin kimo, kun ƙara musu wani nauyin da ba ku san abin da ke ciki ba. Duk abin da zai shiga bakin majinyaci da sunan magani, likita ya fara sani. Mafi muni ma wanda zai ce ai kumburin ya ragu, a daina allura. Raguwar alama ce magani na aiki, ba wai an gama ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. In an ɗage allura saboda jini bai dawo ba, kada hankali ya tashi, hutun mako 2 ko 3 da ke tsakani ma don jiki ya farfaɗo aka tsara shi. Jinkirin sakamakon gwajin nama ba ya nufin mugun labari. Sai an sarrafa naman, an yanka shi siriri, an rina, kafin ƙwararre ya duba, abin kan kai mako ɗaya ko biyu. Binciken intanet cikin dare kan "saura shekara nawa" ku bar shi, alƙaluman na taron mutane ne masu matakin ciwo da shekaru daban-daban. Ku zaɓi mutum ɗaya mai shiga wurin likita da tambayoyi a rubuce, shi kuma ya sanar da dangi.

Ɓoye wa majinyaci gaskiya kuwa ban taɓa ganin ya ɗore ba. Yana karanta fuskokinku, sai ya koma yana ɓoye muku nasa tsoron. Ku tambaye shi iya abin da yake son sani. Kuma kada a bar wa mutum ɗaya kwanan asibiti don an ga yana da haƙuri. A raba dare, a rubuta wa ke karɓar wa, a liƙa takardar inda kowa zai gani.