Yadda Ake Tantance Tayin Buɗe Shagon Sanwici da Sunan Kamfani a Amurka

Masu karatu sun sha tambayar yadda ake auna irin wannan tayi, inda kamfani ke ba ka izinin buɗe shago da sunansa kana biyansa kaso, kafin a zuba jari. Ga matakan.

1. Nemi kundin bayanan kamfanin, wato FDD, wanda doka ta wajabta a ba ka aƙalla kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya ko sisi.
2. Duba sashe na 7 na kundin domin sanin jimillar kuɗin farawa.
3. Lissafa kason da kamfanin zai riƙa karɓa. Kamfanin sanwici na Subway, alal misali, kashi 8 cikin ɗari yake yanka, da ƙarin 4.5 na talla.

Gargaɗi: daga cinikin ake cire wannan kaso, ba daga riba ba, don haka ko asara ka tafka sai ka biya.

4. Karanta sashe na 12 ka ga ko za a iya buɗe wani reshen kusa da kai.
5. Kira waɗanda suka bar harkar, sunayensu na sashe na 20; su ne ba sa ɓoye gaskiya.
6. Je wurin da kake so lokacin abincin rana ka ƙirga masu wucewa.
7. Kai wa lauya yarjejeniyar ya duba.