Yadda za ku shirya zaɓen gwarazan littattafai a guruf ba tare da an yi muku maguɗi ba

Duk guruf ɗin masu karatu da na sani sai an taɓa wannan musun, wai wane littafi ne ya fi kowanne, wannan ya ce Ruwan Bagaja, waccan ta ce ita fa In Da So Da Ƙauna ne ya sa ta fara karatu, a yi ta ja har tsakar dare ba a tsayar da magana ba, ƙarshe wani ya ce to a jefa ƙuri'a mana. Haɗa ƙuri'ar kam minti biyu ne a waya. Inda aikin yake shi ne dokokin da za ku kafa kafin kowa ya danna, don wallahi su ne suke yanke sakamakon tun ba a fara ba.

Ku ji abin da ya faru a Amurka a 1998. Kamfanin ɗab'i na Modern Library ya fitar da jerin ƙagaggun labarai 100 na Turanci da ya ce sun fi fice a ƙarni na 20, kwamitinsu ya ɗora Ulysses na James Joyce a sama. Sai kuma suka buɗe wa masu karatu su zaɓi nasu ta intanet ba tare da an tsare ƙofa da kyau ba. Da sakamako ya fito, cikin goman farko huɗu na Ayn Rand ne, uku na L. Ron Hubbard mutumin da ya kafa addinin Scientology. Bakwai cikin goma na mutum biyu! Ai kowa ya gane magoya baya ne suka yi gayya. Mu ma muna da irinsu, duk marubuciyar onlayin da ta yi suna tana da rundunar masoya da in ta ce "ku je ku zaɓe ni" kafin la'asar sun cika wurin.

To abu na farko, ku tsayar da tambayar. "Wanda ka fi so" daban, "wanda ya fi daraja" daban. Lokacin da BBC ta yi nata a Birtaniya a 2003, shirin da suka kira The Big Read, tambayarsu a fili take, littafin da jama'a suka fi ƙauna, an jefa ƙuri'a kimanin dubu 750, The Lord of the Rings ya lashe, kuma a daidai lokacin finafinansa na tashe a silima. Ba laifi, tunda so suka tambaya. In ku daraja kuke nufi sai ku rubuta ƙarara: littafin da ya tsaya wa zamani, wanda Hausarsa da ginin labarinsa suka isa a koyi wani abu a ciki.

Sai maganar wa ya cancanci shiga. Nan ne ake faɗa, gara a yi shi tun da wuri. Magana Jari Ce zai shiga ko kuwa? Ni a ganina tarin labarai ne da aka ɗinke da labarin aku da ɗan sarki, Ruwan Bagaja ne ƙagaggen labari guda na Abubakar Imam, amma in guruf ya ce ba zai yi zaɓe babu Magana Jari Ce ba, to a yarda a rubuta. Littafin da aka raba na ɗaya da na biyu da na uku kamar yadda aka saba a kasuwar Kano, guda ɗaya ne, kar a bari ya cinye kujera uku. Na onlayin kuma sai wanda aka kammala, wanda har yanzu ake jiran feji na gaba ya dakata tukuna. Ina ba da shawarar a ce sai littafi ya shekara biyar da fitowa, saboda zafin sabon abu yana ruɗa mutum, littafin da ya hana ki barci watan jiya wataƙila baɗi ko sunan jarumar ba za ki tuna ba. Wanda kuma ya saurari littafi a rediyo ko YouTube bai riƙe takarda ba, ni dai ina ƙirga shi cikin masu karatu, yawancin iyayenmu mata ta haka suka san labaran nan.

Ku yi zagaye biyu. Na farko kowa ya turo sunayen littattafai biyar kai tsaye ga mai tattarawa, ba a cikin guruf ba. A tace, a fitar da waɗanda suka fi yawan ambato, su ne za a jefa wa ƙuri'a a zagaye na biyu. A nan ne dokar marubuci ɗaya littafi ɗaya take aiki. BBC ta yi haka da ta zo zagayen ƙarshe na littattafai 21, tashar PBS ta Amurka ma ta yi haka a 2018 a jerinta na 100, inda To Kill a Mockingbird ya zo na ɗaya. Dokar tana da ciwo fa, don Balaraba Ramat Yakubu tana da Alhaki Kuykuyo Ne tana kuma da Wa Zai Auri Jahila, Sulaiman Ibrahim Katsina yana da Mallakin Zuciyata da Turmin Danya, dole a ajiye ɗaya. A ɗauki wanda aka fi ambata a wuce wurin.

Akwai wata matsala da ba a cika lura da ita ba, yawancin masu zaɓe abin da suka karanta kawai suka sani. In guruf ɗinku 'yan shekara ashirin da wani abu ne, su Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi, waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, ba za su ga ko ƙura ba, haka So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980. Maganin shi ne a ware gurbi, kowane zamani ya samu wakilai a zagaye na biyu: na farkon boko, na shekarun 1980, na adabin kasuwar Kano, sai na onlayin. Sannan a ba da tazarar wata guda kafin zaɓe, kowa ya karanta ko da biyu cikin waɗanda bai taɓa buɗewa ba. Shaihu Umar ai ɗan siriri ne, zama ɗaya an gama.

Kayan aikin kuma, ƙuri'ar WhatsApp ba ta wuce zaɓi 12, sannan tana nuna wa ya zaɓi me da wanda ke kan gaba, sai ka ga ana bin Yarima a sha kiɗa, ko wata ta ji kunyar ƙin zaɓen ƙawarta. Google Forms ya fi, a kunna inda ke taƙaita amsa ɗaya ga kowane imel. Shi ma mai imel uku zai iya zagayewa, don haka a nemi lambar wayar da mutum yake guruf da ita, a kuma rufe shigar sabbin mambobi tun ranar da aka sanar da zaɓe. Mu mun taɓa sakaci da wannan, cikin kwana biyu sai ga baƙin lambobi suna ta shigowa, ana gama zaɓe suka watse ko sallama babu.

Kar a ce kowa ya zaɓi ɗaya tak. A sa ya jera biyar, na farko maki 5, na biyu 4, har zuwa 1. Amfanin shi ne littafin da kusan kowa ya sa a na biyu ko na uku zai iya doke wanda 'yan tsiraru suka haukace a kansa sauran kuma ko kallo bai ishe su ba. Misali cikin mutum 30, goma sun ba wani littafi na ɗaya sauran ba su ambace shi ba, maki 50 ke nan. Wani kuma mutum 20 sun sa shi na uku, ya tashi da 60. A ƙara da wani ɗan akwati a fom ɗin, mutum ya rubuta jimla ɗaya kan dalilin da ya sa na farkonsa ya zama na farko. Wanda bai karanta ba a nan asirinsa ke tonuwa, sai ka ga "yana da daɗi sosai" sau goma sha, irin rubutu ɗaya har da kuskuren harafi ɗaya.

Mutum biyu su ƙirga, kowa daban, kuma kada a sa marubucin da littafinsa ke ciki ko aminin marubuci. Ranar sanarwa a fito da makin kowane littafi har na ƙarshe, a faɗi mutum nawa suka yi zaɓe, a kuma kira abin da sunansa, zaɓin guruf kaza na shekara kaza, kar mutum arba'in su tashi su ce sun fitar da gwarzon littattafan Hausa na duniya. In an yi kunnen doki a duba wanda ya fi samun na ɗaya, in nan ma an yi daidai a bar su su biyun a kujera ɗaya.