Yadda Za Ka Kalli Shawagin Jiragen Soja Ranar Biki Ba Tare da Ya Wuce Ka Ba

Abin da nake fara gaya wa duk mai niyyar zuwa kallon shawagin jiragen soja shi ne, abin ba ya daɗewa. Za ka yi awanni a tsaye cikin taro, amma jirgin yaƙi da ke gudun kilomita 500 a awa yana cin kusan mita 140 a daƙiƙa ɗaya. Ka sunkuya ɗaura takalmin yaro, kafin ka ɗago sun wuce. Saboda haka tun daga gida ake shirin kallon.

Ka nemi sanin ta inda za su ɓullo. Rundunar sojin sama ko masu shirya biki sukan sanar da lokaci da hanya, kuma yawanci jiragen kan bi wani dogon titi miƙaƙƙe. A Paris, ranar 14 ga Yuli, suna bi ta saman titin Champs-Élysées. A Landan, bikin ranar haihuwar sarki a watan Yuni, suna bin titin The Mall har saman fadar Buckingham. A Indiya kuwa ranar 26 ga Janairu ake yi a birnin Delhi. Ka san jerin su ma, don ya bambanta: a Paris tawagar jiragen nuna ƙwarewa ta sojin saman Faransa, Patrouille de France, ce ke buɗe fage da hayaƙi shuɗi da fari da ja, a Landan kuwa takwararta ta Birtaniya, Red Arrows, ce ke rufewa. Wanda ya makara a Paris ya rasa mafi kyawun sashe.

Wurin tsayawa shi ne inda mutane suka fi kuskure. Kowa na rububin shiga ƙarƙashin hanyar jiragen daidai, alhali daga nan cikinsu kawai za ka gani, wuyanka a karye. Ni na fi son in ɗan koma gefe, inda babu dogon gini ko bishiya a gabana, rana kuma tana bayana. Daga nan ake ganin jerin tun yana ɗigo-ɗigo a nesa, har ya iso, har ya juya baya hayaƙinsa na bajewa a sama.

Kada ka jira sai ka ji ƙara. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka jirgin da ke nisan kilomita ɗaya sai bayan daƙiƙa 3 ƙararsa za ta iso maka, shi kuma ya riga ya bar wurin. Idan ka bi kunnenka, sararin da babu kowa za ka kalla. Ka kafa ido a ɓangaren da aka ce za su fito tun kafin lokaci, ka nuna wa yara wurin da yatsa.

Maganar yara kuwa, ina roƙonka kada ka yi wasa da kunnuwansu. Ƙarar da ta haura ma'aunin desibel 85 tana iya lahanta ji idan aka daɗe a cikinta, rugugin jiragen yaƙi a ƙasa-ƙasa kuwa ya zarce haka nesa. Ka tanadi abin toshe kunne, ƙananan yara a sa musu mai rufe kunne gaba ɗaya. Ka kuma gaya musu tun a gida cewa za su ji rugugi har cikin ƙirji, don wanda aka shirya ba ya firgita kamar wanda abin ya zo wa ba zato. Jariri dai, a ganina, a bar shi gida.

Shingen da jami'ai suka kafa, ka tsaya bayansa, ko da ka hango wani fili babu kowa. A 1988 a sansanin Ramstein na Jamus, jiragen tawagar Italiya uku sun yi karo, ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 70 suka rasu. A 2002 a Sknyliv ta Ukraine, mutum 77. Waɗannan a wasannin ƙwarewa ne aka yi su, inda jirage ke juye-juye, ba a wucewar biki ba, wadda haɗarinta bai kai haka ba. Duk da haka irin wannan rashi ne ya sa aka tsaurara dokar tazara tsakanin jirgi da jama'a. Jirgi maras matuƙi da fitilar lesa kuma a bar su gida, don suna iya jefa matuƙi cikin haɗari.

Hoto fa? Idan da waya ka zo, ka kunna bidiyo tun kafin su iso, ka riƙe ta a kwance daidai ƙirji, kada ka zuƙo hoton, idonka kuma ya kasance a sama. Mai babbar kyamara ya sa gudun ɗauka ya kai kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa don jiragen yaƙi, amma ya rage shi sosai ga masu saukar ungulu, in ba haka ba farfelarsu za ta fito a sandare.

Ka duba hasashen yanayi da safe, don gajimare idan ya sauko ƙasa akan rage jiragen ko a soke shawagin. Idan kuma ka ga jirage huɗu sun taho, ɗaya ya fice ya yi sama ya bar gurbinsa, to kada ka ɗauka kuskure ne. Girmamawa ce ga wani da ya rasu, yawanci matuƙi ko soja, kuma ana so jama'a su yi tsit har su wuce.