Kurakuran da ma'aurata suka fi yi a ranar zuwa bikin baje kolin jiha a Amurka

Bikin baje kolin jiha ya samo asali ne daga taron manoma, kuma na farkonsa an yi shi a garin Sirakus na jihar Niyok a shekarar 1841, inda aka taru domin nuna dabbobi da amfanin gona. A yau ya zama gagarumin taro da ke haɗa rumfunan dabbobi da wuraren lilo da shagunan abinci da dandalin mawaƙa a fili guda. Na jihar Minesota, wanda ake yi kwana 12 har zuwa Litinin ta farko a watan Satumba, ya karɓi mutane fiye da miliyan biyu a shekarar 2019. Mata da miji da suka ware rana ɗaya tak domin irin wannan taro suna iya dawowa da farin ciki, suna kuma iya dawowa kowa ya ɗaure fuska, kuma abin da ke raba biyun yawanci an riga an yanke shi tun kafin a bar gida.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓata rana shi ne a shiga fili ba tare da an yi shawara kan abin da kowa yake son gani ba. Maigida na iya zuwa da niyyar duba taraktoci da gasar shanu, uwargida kuma hankalinta na kan zauren ɗinki da gasar gashin burodi, amma babu wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa, sai a wuni ana jan juna daga wannan kusurwa zuwa waccan. Filin na Minesota eka 322 ne, na Teksas da ke birnin Dallas kuma eka 277, saboda haka wanda ya ce zai ga komai a rana ɗaya ƙafafunsa kawai zai wahalar. Gyaran mai sauƙi ne. A daren jajibiri a buɗe jadawalin ranar da taswirar fili, kowa ya zaɓi abu biyu da ba zai yarda ya rasa ba, a jera su bisa lokacinsu da kusancinsu, sauran lokacin kuma a bar shi ga yawo. Babu laifi a rabu na awa ɗaya idan abin da ɗaya ke so ya gunduri ɗayan. A ganina wannan ya fi a tsaya kusa da juna ana duba agogo. Sai dai a ajiye wurin haɗuwa da lokaci tun kafin a rabu, domin waya kan ƙi shiga idan jama'a sun yi yawa. Kada kuma wurin ya zama wanda kowa ke zaɓa: a Dallas dubban mutane ne ke cewa a haɗu a gindin Big Tex, ƙaton mutum-mutumin nan mai tsawon ƙafa 55, don haka ƙofar wani zaure da ke gefe ta fi amfani.

Zaɓen rana ma yana da nasa tarkon. Asabar da rana tsaka ita ce lokacin da layi ya fi tsawo a ko'ina, kuma a Teksas akwai Asabar ɗin watan Oktoba da jami'ar Teksas ke karawa da ta Oklahoma a wasan ƙwallon Amurka a filin Cotton Bowl, wanda yake a tsakiyar wurin bikin. Wanda ba wasan ya kawo shi ba, gara ya kauce wa wannan ranar. Safiyar ranakun aiki ta fi sauƙi, rana ba ta yi zafi ba, rumfuna kuma ba su cika ba. Haka nan dagewa kan shiga da mota har bakin ƙofa yana cinye lokaci da kuɗi, alhali a Minesota akwai wuraren ajiye mota da bas ke ɗaukar mutane daga can kyauta, a Dallas kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa a bakin filin. Idan an zo da mota, a ɗauki hoton alamar layin da aka ajiye ta.

Mutane da yawa suna ɗaukar kuɗin shiga a matsayin babban abin da za su kashe, alhali shi ne ƙarami. Lilo da wasanni da abinci kowanne da kuɗinsa, manyan wasannin mawaƙa na dare kuma a mafi yawan jihohi tikitinsu daban ne. A Teksas ana sayen takardun biya ne da dala, sannan a yi amfani da su wajen abinci da lilo, kuma da yake takarda ce ke fita daga hannu ba kuɗi ba, mutum ba ya jin zafin kashewa sai ya koma sayen wasu karo na uku. Ya kamata ma'aurata su yanke adadin da za su kashe tun a gida, su sayi tikitin shiga kafin ranar domin yakan fi araha. Wasannin jifa da ake cin 'yar tsana an tsara su ne yadda mai rumfa zai ci riba, kuma maigidan da ya ce sai ya ciyo wa matarsa ƙaton beyar wasan nan yakan biya ninkin kuɗinsa a kanti.

Wajen abinci, kuskuren shi ne kowa ya sayi nasa cikakke a rumfar farko. Kason yana da girma, yawancinsa soyayye ne, sai ciki ya cika tun kafin a ga rabin abin da ake sayarwa. A sayi ɗaya a raba, a ci gaba. Wanda ba ya cin naman alade ya tambaya kafin ya biya, domin a jihar Ayowa tsokar alade a tsinke tana cikin abincin da aka fi saye, tsiran da ake tsomawa a kwaɓin masara a soya ma sau da yawa da alade a cikinsa, kuma wasu rumfunan a mai ɗaya suke soya komai. Gasasshiyar masara da soyayyen cuku da ruwan lemon tsami sun fi sauƙin tantancewa. Lilo mai juyi kuwa a hau shi kafin a ci abinci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a wuni tsakanin abinci da lilo a tsallake rumfunan dabbobi, waɗanda su ne tushen taron. A can ne za a ga yarinya 'yar ƙungiyar 4-H, mai koya wa yara noma da kiwo, tana taje gashin maraƙin da ta raina tun yana ƙarami, ta goge masa kofato, ta ja shi da igiya zuwa gaban alƙalin gasa tana gyara masa tsayuwa da sanda. A Ayowa akwai saniyar da ake sassaƙawa da man shanu a cikin ɗakin gilashi mai sanyi, al'adar da ta faro tun 1911, a Minesota kuma akwai zauren da ake kallon shanu da tumaki suna haihuwa a gaban likitocin dabbobi. Amma shiga rumfunan yana da ƙa'ida. Ba a shiga da abinci ko abin sha, kuma ana wanke hannu da sabulu da zarar an fito, domin a bikin jihar Karolina ta Arewa na 2004 mutane fiye da ɗari, yawancinsu yara, sun kamu da ciwon ciki mai tsanani da aka danganta da wurin shafa dabbobi. Idan uwargida tana da juna biyu, hukumomin lafiya na Amurka suna ba da shawarar ta guji rumfar aladu saboda murar da ke tsallakowa daga jikinsu.

Saura yanayi. Watan Agusta a tsakiyar Amurka zafi ne da gumi, saboda haka sabon takalmi ba na wannan ranar ba ne, a kuma riƙe gorar ruwa da hula, a riƙa hutawa a zaurukan da ke da sanyi. Hadari kan taso ba zato, kuma idan aka yi shelar a nemi mafaka, a shiga ginin bulo nan take: a Agustan 2011 iska ta rushe dandalin mawaƙa a bikin jihar Indiyana, mutum bakwai suka rasu. Da dare kuma, a duba lokacin bas ko jirgin ƙarshe, a kama hanyar ƙofa kafin a tashi daga babban wasan mawaƙa, domin da zarar an tashi jama'ar gaba ɗaya ƙofofin suke nufa a lokaci guda.