Jinin mutum a wurin aiki: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Daga Ngaundere zuwa Garwa har Marwa a arewacin Kamaru, masu taɓa jinin mutane a kan sana'a ba ma'aikatan asibiti kaɗai ba ne. Akwai wanzami, ungozoma, mai yankan farce, mai wankan gawa, har ɗan acaɓan da ya ɗauko wanda ya yi hatsari. Yawancinsu ƙanjamau suke tsoro, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamu. Idan allurar da ta taɓa mai ƙanjamau ta soki mutum, kusan uku cikin dubu ne ke kamuwa. Na ciwon hanta B kuwa yana iya kai uku cikin goma. Ƙwayarsa tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini.

Shi ya sa kuskuren wanzamai ya fi nauyi. A goge aska da tsumma ko auduga mai barasar asibiti, a haska mata wutar leta na daƙiƙa biyu, a mayar cikin zabira. Askar tana ƙyalli, amma jini yana nan maƙale a gindinta da cikin ƙaho. Gyaran hawa uku ne: a jiƙa kayan a ruwan jabel (wato bilic) mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na minti 10, a wanke da sabulu da buroshi, sannan a tafasa minti 20 a tukunya mai murfi, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwa ya tafaso. A duba jikin kwalba: jabel mai kashi 5, kofi ɗaya ne a ruwa kofi 9, mai kashi 2.6 kuwa, kofi ɗaya a ruwa kofi 4. Haɗin jiya ba ya aiki yau, zafi da haske sun ci ƙarfinsa. Reza kuwa mutum ɗaya, reza ɗaya. Mai gyambo a baki ko dasashi mai jini kada ya tsotsi ƙaho.

A asibiti, mayar da murfin allura da hannu biyu shi ke yawan jawo suka. A jefa ta kai tsaye cikin kwalin allurai, kuma a rufe kwalin idan ya cika kashi uku cikin huɗu, kada a danna. Allurar da aka jefa a kwandon shara, mai shara take soka, shi da ba a cika tunawa da shi ba ranar rabon safar hannu.

Ungozoma ta sa safar hannu tun kafin jini ya zo, ba sai wajen ɗaukar mabiyiya ba. Ɗan acaɓa da mai wankan gawa, idan babu safa, leda mai kauri marar huji ta fi hannu tsirara.

Idan an riga an soku, kada a matse wurin, kada a tsotsa, kada a zuba jabel tsagwaronsa. A wanke da ruwa da sabulu, a jiƙa a ruwan maganin wanke rauni, Dakin ko Bétadine, minti 5. Idan ido ko baki ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta. Sai asibiti a ranar, ba "bari mu gani" ba: maganin kariya daga ƙanjamau ya fi aiki a sa'o'in farko, bayan awa 72 lokacinsa ya wuce, kuma kwana 28 ake sha ba tsallake. Za a yi gwajin jini a ranar, a maimaita bayan wata uku.

Rigakafin ciwon hanta B allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Kamaru ta sa shi cikin rigakafin jarirai a 2005, don haka wanda aka haifa kafin nan, in dai bai je da ƙafarsa an yi masa ba, ya ɗauka ba shi da shi.