Darasi na 7: Labule, asabari da zafin ɗaki

Kafin mu fara karatun yau, kowa ya tuna da ɗakin da yake kwana. Taga nawa gare shi? Ina suka fuskanta, gabas ko yamma, kudu ko arewa? Mutane da yawa sun yi shekaru a ɗaki ɗaya ba su taɓa lura da wannan ba, alhali shi ne abu na farko da ya kamata a sani kafin a kashe ko sisi wajen sayen labule.

Rana tana fitowa daga gabas, ta faɗi yamma. Tagar gabas tana shan ranar hantsi, wadda ke da ɗan sauƙi domin gari bai gama ɗaukar zafi ba. Tagar yamma ita ce mai wahala. Daga bayan azahar har zuwa kusan magariba rana tana dukanta kai tsaye, a daidai lokacin da bango da kwanon rufi suka riga suka gasu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ɗakin da tagarsa ke kallon yamma yakan riƙe zafin nan har tsakar dare. Tagar kudu kuwa ta fi samun rana da hunturu, lokacin da rana ke karkata ta kudu, kuma a lokacin ma ana son ɗumin.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe daga wannan darasi: rana a waje ake tare ta. Idan hasken rana ya ratsa gilashi ya faɗa kan labule, zafin ya riga ya shigo ɗaki. Labulen zai rage shi, amma ba zai kore shi duka ba. Idan kuwa an tare hasken tun bai taɓa gilashi ba, zafin a waje yake tsayawa, iska ta tafi da shi.

Iyayenmu sun san haka tun kafin a kawo gilashi. A gidan kakata akwai asabari a ƙofar ɗaki, siraran tsinkaye jere an ɗaure su da zare, ya sha hannu har ya yi santsi a wurin da ake ɗagawa. Da azahar sai ta sauke shi, ta ɗebo ruwa a moɗa ta yayyafa masa. Iskar da ke ratsowa ta cikinsa sai ta shigo da ɗan sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙen kara. Haske yana shigowa layi-layi a kan tabarma, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Dabarar ita ce dai wadda ke sanyaya ruwan randa: ruwa idan yana bushewa yakan ɗauke zafi ya tafi da shi. Amma a lura, wannan da bazara yake aiki, lokacin da iska take a bushe. Da damina jiƙa asabari ba ya ƙara komai sai warin ruma.

Ban ga dalilin da zai sa mu raina asabari don mun koma gidan bulo ba. A rataya shi ta wajen tagar yamma, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da gilashi domin iska ta riƙa wucewa. Wanda bai samu asabari ba, zana ko tsohuwar tabarmar kaba za ta yi. Ƙaramar rumfa a saman taga ma tana taimakawa, haka nan inuwar dalbejiya idan akwai filin shukawa, sai dai kada a dasa ta dab da bango saboda saiwa.

Zaɓen yadi

Yanzu mu shiga ɗaki. Idan mutum ya je Kantin Kwari ko kasuwar garinsu, idonsa yakan fara zuwa kan yadi mai duhu mai sheƙi, ja ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu. Yana da kyau a ido, ba musu. Amma duhun launi yana shan zafin rana, fari kuma yana mayar da shi. Kowa ya san bambancin sa baƙar riga da farar riga a rana. Don haka a sa tela ya yi wa labulen shafi da farin yadi a gefen da ke kallon waje. Ta ciki a zaɓi launin da rai ke so. Shafin yana kuma kare yadin daga koɗewa, ga shi yana ƙara kauri.

Mafi amfani shi ne labule biyu a taga ɗaya. Na farko marar nauyi, mai shara-shara, wanda ke barin haske da iska su shigo amma yana sakaya ɗaki da rana. Na biyu mai kauri, wanda ake ja idan rana ta juyo ko sanyi ya sauka. A tuna cewa da dare, idan an kunna fitila, shara-sharan nan ba ya sakaya komai, na waje yana ganin ciki sarai.

Wata ɗaliba a ajinmu ta taɓa tambayata: "Malam, ni da ba ni da kuɗin labule biyu fa?" Na ce mata: "Hajiya, tsohon zanen gado fari ya isa shafi, tsohuwar atamfa kuma ta isa fuska." Bayan mako biyu ta dawo ta ce yaranta sun koma yin barcin rana a ɗaki, abin da a da ba sa iyawa.

Awo da lissafi

A nan za mu yi amfani da lissafin da muka koya. Yadi 1 inci 36 ne. A ce faɗin taga inci 48. Ƙarfen labule ya kamata ya zarce taga da inci 6 ta dama da inci 6 ta hagu, domin kada rana ta saɗaɗo ta gefe. 48 da 6 da 6 sun zama 60. Labule yana buƙatar tattara, saboda haka sai a ninka biyu: 120. A raba 120 da 36, za a samu yadi 3 da ragowar inci 12. A sayi yadi 3 da rabi, rarar ta tafi wajen kalmasa.

Wannan lissafi yana tafiya daidai ne idan faɗin yadin ya kai tsayin da ake so. Idan siririn yadi ne irin atamfa, sai an haɗa falle-falle, tela zai lissafa. Wajen tsayi, labule ya fara daga saman taga da kamar inci 6, ya sauka ƙasa da ita sosai. Yadin auduga yakan tsuke a wankin farko, don haka a jiƙa shi ya bushe kafin a kai ɗinki.

Lokacin buɗewa da lokacin rufewa

Labule mai tsada da ke rataye wuri ɗaya shekara da shekaru bai kai mai araha da ake ja a kan lokaci ba. Da bazara, a buɗe tagogi da asuba iskar sanyi ta shiga. Da hantsi ya ɗaga a ja labulen gabas. Kafin azahar a rufe na yamma, kada a jira sai ɗaki ya yi zafi. Bayan magariba a yaye komai, a buɗe taga biyu masu kallon juna domin iska ta ratsa, a bar ragar sauro kaɗai. Ɗakin da bai gasu ba, fanka a ƙaramar lamba ta ishe shi. Mai na'urar sanyaya ɗaki zai ga ba ta daɗewa tana aiki, mai sola zai ga batirinsa ya kai shi dare. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, duk mai tayar da janareta ya san abin da awa ɗaya ke ci.

Da hunturu sai a juya. Iskar ƙura daga arewa maso gabas take zuwa, don haka tagogin wannan ɓangare su ne za a rufe da labule mai kauri, musamman da dare. Da rana a buɗe na kudu ɗumi ya shiga. Amma ina roƙonku da babbar murya: kada a toshe ɗaki ruf a kwana da garwashi a kasko. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, tana kashe mutum yana barci. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.

Kula da labule

Labule matattarar ƙura ne, ƙurar kuma ita ce ke tayar wa masu asma da yara tari. Da hunturu a riƙa fitar da shi tsakar gida ana kakkaɓewa duk mako. A wanke shi idan hunturu ya wuce, a sake wankewa bayan damina. A yi wankin da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a mayar da shi kan ƙarfe da ɗan danshinsa, nauyinsa zai miƙar da shi ba sai an yi guga ba. Ragar sauro a goge ta da jiƙaƙƙen soso, inda ta yage a ɗinke tun ɓarakar tana ƙarama. Asabari a naɗe shi a shigar da shi ciki idan ruwa ya sauka, a riƙa duba shi saboda gara.

Kyandir, fitilar ƙwai, risho, kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, duk a nisanta su daga labule. Yadin roba nan da nan yake kamawa, yana narkewa yana ɗiga. Idan labulen irin mai igiyar ja ne, a ɗaure igiyar can sama inda hannun yaro ba zai kai ba, domin tana iya shaƙe shi.

Aikin gida

Ka zana ɗakinka a takarda, ka rubuta gabas, yamma, kudu da arewa, ka sa alama a kan tagar da ta fi shan rana. Sannan ka auna faɗinta, ka lissafa yadin da za ta ci kamar yadda muka yi a sama. Wanda ba shi da tef ya auna da igiya, ya ƙulla ta a inda faɗin ya tsaya, ya zo da ita aji mu auna tare.