Yadda zaka haɗa ƙaramar tirelar roba ta ado mai zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwali

In zaka saya duba sikelin dake jikin kwalin, 1:24 na nufin babbar motar ta ninka taka sau 24, kamfanin Italeri suna yin DAF da Scania a wannan girman, irin masu bin hanyar Gusau zuwa Funtua ɗinnan.

Ka fara wanke kayan da ruwan sabulu su bushe, ka yanko su da reza daga jikin robar da suka zo manne da ita, karka ɓalle da hannu. Gwada kowanne a mazauninsa kafin kasa gam, kuma dan Allah banda sufa gulu a gilashi, fari yake maida shi.

Fenti kam shafa biyu ko uku marasa kauri, ka jira kowanne ya bushe. In hunturu ne kifa roba a kai saboda ƙura, taya da madubi su zo ƙarshe.